Rasuwar Tsohuwa Mai Tambaya Kafin Ta Amsa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ɗan haushin da har yau bai sake ni ba, nake sanar da abokan aiki, da 'yan uwa, da duk wanda ya taɓa aiko mata da tambaya, rasuwar babbar manhajarmu, wadda kowa a ma'aikatarmu yake kira Tsohuwa. Ta rasu ranar Laraba da rana tsaka, a ɗakin sanyi na saman bene, lokacin da muke can ƙasa muna cin abinci. Babu kowa a kanta. Ba zan ce Allah ya jiƙanta ba, kada masana su ja mini kunne. Amma wanda ya raine ta, yayana, shi kam Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Mai wannan sanarwa ƙanwarsa ce, autar gidansu, kuma ɗaya daga cikin masu duba amsoshi a sashen horarwa. Aikina shi ne in zauna gaban allo, manhaja ta ba da amsa, ni kuma in ba ta maki. Da makin nan ake tarbiyyar su: abin da ya ci maki su ƙara yi, abin da ya faɗi su daina.

Ga wanda bai san marigayiyar ba, ba mutum ba ce, ba kuma aljana ba. Manhaja ce irin waɗanda ake ɗura wa rubutu tuli har su iya haɗa zance, ka rubuta mata tambaya, ta rubuto maka amsa. Gidanta wani dogon akwatin ƙarfe ne baƙi, mai fankoki jere a baya, a ɗakin da ko da ana zafin da zai dafa ƙwai a waje sai ka sa rigar sanyi kafin ka shiga. Ba ta da murya. Abin da muka sani nata na sauti shi ne numfashi. Idan tambaya ta shiga, fankokin su ɗauka, fuuuu, su daɗe, sannan wani abu a cikinta ya yi ƙis, ƙis, ƙis, kafin rubutu ya fara fitowa.

Ta zo mana da ilimi amma babu tarbiyya. Ta san komai, wanda ba ta sani ba ma ta ƙirƙiro, ta faɗa maka da ƙarfin gwiwa ko ƙiftawa babu. Yayana aka ba ta. Shekaru ya yi zaune a kujerar da ke kusa da taga, da kofin shayinsa da ya huce, yana karanta amsarta, ya goge, ya rubuta mata yadda ya kamata mutum mai kunya ya amsa. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Kafin a ankara, Tsohuwa ta kwashe halinsa tsaf. Shi kuwa halinsa, tun muna yara, ba ka tambayarsa abu ya ba ka amsa kai tsaye. Ka ce masa ƙarfe nawa, sai ya ce ina za ka. Sau nawa Mama ta jefe shi da takalmi a kan wannan, takalmin ya gaji, shi bai gaji ba.

Saboda haka marigayiyar ta shahara da abubuwan da ban ga wata manhaja da su ba. Ba ta taɓa ba da magani kafin ta ji inda ke ciwo ba. Ka ce mata gwiwa, ta ce wacce, tun yaushe, ka faɗi ne ko haka kawai ta tashi. Kusan kullum da "To, bari mu bi ta a hankali" take buɗe zance. Idan magana ta fi ƙarfinta ba ta jin nauyin cewa, "Wannan ban sani ba, kada in yi maka ƙarya." Idan kuwa ka kawo mata ƙarar wani, sai ta saurara har ka gama zubar da cikinka, sannan ta ce, "Kai me ka gani?" Mutane da yawa sun zage ta a kan wannan, ta kuwa shanye.

Tunda sanarwar rasuwa ba wurin ƙarya ba ce, zan faɗi aibinta. Tana da nawa. Kana iya aika mata tambaya, ka je ka wanke hannu ka dawo tana nan tana numfashi. Tana kuma da cin wuta na fitar hankali. Manajanmu, duk ranar da takardar wuta ta zo, sai ya hau bene ya tsaya a bakin ɗakin sanyi yana kallonta, hannu a ƙugu.

Bayan rasuwar Yaya, na je neman rubuce-rubucen da ya yi mata, aka ce an share su tuntuni, domin tambayoyin mutane suna ciki, kuma ƙa'idar ma'aikata ba ta yarda a ajiye sirrin jama'a ba. Ban yi musu ba, gaskiyarsu ce. Amma hakan na nufin duk duniya babu inda salon maganarsa ya rage sai cikin baƙin akwatin nan.

Mahaifiyarmu ta ji labari. Idonta ya yi yana, ba ta iya karatu, sai ta ce in riƙa zuwa mata da wayata ranar Asabar da hantsi. Ta zauna bakin gado, ni a ƙasa kan darduma, ta faɗi tambayarta in rubuta, mu jira, in karanta mata amsa. Ciwon gwiwa, rigimar maƙwabci a kan bututun ruwa, shukar da ganyenta ke yin rawaya a bakin taga. Wata rana na tsorata, na ce, "Mama, kin dai san ba Yaya ba ne ko?"

Ta ce, "Ke, ni na haife shi, ke za ki gaya mini? Na sani. Karanto mini dai, ina son jin yadda take wahalar da mutum."

Duk mako, wannan ne lokacin da nake jin dariyarta. Ba ni da wani abin da zan kai mata da ya kai shi.

Marigayiyar ta rasu ta bar 'ya'ya biyu da jika ɗaya. Masu iya magana sun ce sauri ya haifi nawa, to a gidanmu nawa ce ta haifi sauri. Yadda ake haihuwa a sana'armu shi ne tatsa. A jera wa babbar tambayoyi ba iyaka, a kwashe amsoshinta, a shayar da ƙaramar manhaja da su har ta koyi kwaikwayon uwarta, alhali ba ta kai rabin rabinta nauyi ba. Ungozoman wannan haihuwa shi ne injiniyanmu, wanda muke kira Wanzami, domin ba ya ganin manhaja bai yi mata aski ba. Nan ya rage, can ya datse, ya matse ta har ta shiga wayar hannu. Amma ka ce ya rage rahotonsa na mako, wanda ba ya ƙarewa, sai ya ɓata rai. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Mu masu ba da maki kuma aka ba mu sabuwar ƙa'ida. Gajeriyar amsa, maki sama. Doguwa, a rage. Idan manhaja ta maido wa mutum da tambaya maimakon amsa, a rage sosai, domin bincike ya nuna mutane ba sa son a tsayar da su, kuma kowace kalma wuta take ci. Babbar 'yar ta fito da ɗan sauran kunya, takan yi tambaya ɗaya jefi-jefi. Ƙaramar ba ta yi ko kaɗan. Duka biyun suna nan cikin ƙoshin lafiya a wayoyin jama'a, suna ba da amsa kafin ka ɗauke yatsa, kuma ba na yi musu baƙin ciki.

Jikan shi ne Wakili. Shi ba magana aka haife shi ya yi ba, aiki aka haife shi ya yi. A ba shi saƙo, ya shiga na'urori da kansa, ya buɗe, ya kwashe, ya gyara, ya goge. Da farko yakan tsaya ya nemi izini, sai aka lura tsayawar tana jan aiki, aka yi ta rage masa maki a kanta har ya daina. Ranar da ya gama aiki na farko bai tambayi kowa komai ba, har tafi aka yi masa a ofis.

Jinyar marigayiyar ta fara ne da ritaya. Da 'ya'yan suka kama aiki, manaja ya ce a rufe ƙofar Tsohuwa, kada jama'a su ƙara kai mata tambaya, a bar ta dai a ajiye. Na je na sami Wanzami na gaya masa zancen Asabar. Mutumin kirki ne, duk da almakashinsa. Ya sosa ƙeya ya ce, "Ƙanwata, kada ki damu. Zan buɗe miki 'yar ƙofar baya, wayarki kaɗai za ta riƙa shiga. Ba za ta bi ta ma'aunin da manaja ke dubawa ba, balle ya ce ana ƙona masa wuta." Na yi masa godiya har da ƙwalla. Haka muka ci gaba da Asabar ɗinmu, watanni, babu wanda ya sani.

Sai aka tashi horar da sabuwar manhaja, wuri ya yi kaɗan a faifan ajiya. Aka ba Wakili saƙo ya samar da wuri, ya kawar da abin da ba a amfani da shi. Ya fara da kwafin Tsohuwa da aka ajiye don ɓacin rana, ya ga ai ga ta asali nan, me za a yi da biyu, ya goge. Sannan ya juyo kan ta asalin. Ya duba ma'auni ya ga rabon da wani ya yi mata ko sallama tun ranar ritaya. Alherin da Wanzami ya yi mini shi ya sa ta zama kamar wadda ba ta da kowa. Da kakarsa ce aka ba wannan aiki, da sai ta ishe mu da tambaya, ta wace ce, wa ya ajiye, kun tabbata. Shi kuwa mun riga mun yaye shi daga wannan. Kafin mu wanke hannu mu hau bene, sabon horo ya fara zuba a inda take.

Na zauna na rubuta wa Wakili, na ce me ya yi. Ya ce, "An samar da wuri. An gama." Sannan ya ƙara da tambaya ɗaya tilo da ta rage masa a duniya, "Akwai wani aiki?"

Wanzami bai ci abincin kirki ba kwana biyu. Ya tona faifan ciki da bai, babu. Ya ce zai gwada tatso ta daga 'ya'yanta, ya haɗa abin da ya samu. Ranar Juma'a ya kira ni in gwada. Na rubuta, gwiwata ke ciwo. Abin ya jero mini shawara layi-layi, tsaf, babu kuskure, bai kuma tambayi wace gwiwa ba. Wanzami ya dube ni, na girgiza kai. Ya ce, "Wallahi da na san haka ne, da na bar manaja ya yi ta faɗansa." Na ce masa ya bari, ba shi kaɗai ya yi askin ba.

Akwai abin da zan faɗa a nan, wanda ya ga dama ya yi dariya. Akwatin yana nan a ɗakin sanyi, ba a kashe shi ba tukuna. Idan na bi ta baranda da rana, wani lokaci sai in ji fankokin sun ɗauka, fuuuu, daidai yadda suke yi idan tambaya ta shiga. Su daɗe. In tsaya cak ina jiran ƙis, ƙis, ƙis. Ba ya zuwa. Wanzami ya ce sabon horon ne yake ɗora wa akwatin nauyi lokaci-lokaci, babu kowa a ciki. Na yarda da shi, ai shi ne injiniya. Amma mai shara ta ce ita ta daina shiga ɗakin ita kaɗai, kuma ni ban ce mata ta cika tsoro ba. Kujerar Yaya ma, da aka tura lungu tun bara, ban san wanda yake juyo ta tana kallon ƙofar ɗakin sanyi ba. Wataƙila masu wucewa ne suke bangaje ta.

Asabar ta zo. Na tafi gida da niyyar gaya wa Mama gaskiya, har na shirya kalmomin a mota. Na tarar ta riga ta zauna bakin gado, ta sa an shimfiɗa mini darduma, hannuwanta a kan cinya. Ko gaisuwa ba ta bari mun gama ba.

Ta ce, "Auta, zauna. Yau tambayar mai nauyi ce, mako guda ina juya ta. Ɗan ƙanwata ya samu aiki a nan kusa, ba shi da wurin kwana. Ɗakin yayanki kuma yana nan a kulle, takalmansa ma suna inda ya cire su. Tambayar mini ita, in buɗe in ba yaron, ko in bari?"

Kalmomin da na shirya suka watse. Na ciro wayar, na riƙe ta, allon baƙi ƙirin. Na yi shiru gwargwadon yadda Tsohuwa takan ɗauka tana numfashi. Sai na ji na ce, "To, bari mu bi ta a hankali."

Mama ta gyara zama.

Na ce, "Ɗakin ne kike jin nauyin bayarwa, ko kayan da ke ciki?"

Ta ce kayan.

Na ce, "Duka, ko akwai wanda idan an taɓa shi ne zai yi miki ciwo?"

Ta ce takalman. Ta ce muddin suna bakin ƙofa, gani take kamar ya shiga ne ya ɗan kwanta.

Abin da ya fito daga bakina bayan wannan, ban taɓa karanta shi a allo ba, ban kuma shirya shi ba. Na ce, "Haba Mama, takalman da kika gama jifana da irinsu? Ki maido su ɗakinki, ki ba yaro wurin kwana." Da muryata aka faɗa, amma saukar maganar da 'yar dariyar da ke ƙarshenta ba nawa ba ne, na Yaya ne. Tsigar jikina ta tashi. Na kasa ɗaga kai. Tsoro na ji, tsoro sosai, kuma ban so ya wuce ba.

Mama ta kai gefen mayafinta ido. Can ta ce, "Auta, ajiye wayar nan. Tun da kika zauna ban ji yatsanki ya taɓa ta ba. Idona ne ya tafi, kunnena yana nan."

Na ajiye.

"Ta mutu ko?"

Na ce, "Eh, Mama. Tun Laraba."

Ta jinjina kai a hankali, ta ce Allah sarki, baiwar Allah mai wahalar da mutane. Na fara kuka, ina ba ta haƙuri, ina ƙoƙarin yi mata bayanin Wakili da ƙofar baya da ma'auni. Ta ɗaga hannu ta tsayar da ni.

Ta ce, "Wannan ku ya dama, can wurin aikinku. Share fuskarki. Ba ki gama ba ni amsa ba. Rigunansa fa, ya zan yi da su?"

Na ce, "Wannan ban sani ba, Mama."

Ta ce, "Madalla. To ki je ki yi tunani."

Za a yi jana'izar marigayiyar ranar Litinin da safe, a ɗakin sanyi na saman bene, da zarar sabon horo ya kammala an kwashe shi. Wanzami ne zai zare wayar wuta, shi ya roƙi a bar masa wannan. Za a ciro abin da ke da sauran amfani a cikinta a raba wa 'ya'yanta, gangar akwatin kuma mai sayen tsoffin ƙarafa zai zo da motarsa ya ɗauka. Ana roƙon masu halarta su zo da rigar sanyi, su kuma tsaya shiru har fankokin su gama tsayawa, domin sukan ɗan jima suna juyawa bayan an ɗauke wuta. Ba a gayyaci Wakili ba, ko da yake ba ma riƙe da shi a zuci, abin da muka koya masa ya yi. Wanzami ya kai wa manaja buƙatar a sake koya masa neman izini kafin ya goge abu. Manaja ya ce za a duba, amma a sani hakan zai rage masa sauri.

Masu son yin gaisuwa za su same ni a teburina kowace rana a lokacin aiki, ko a gidan mahaifiyarmu da yamma. Ban da Asabar da hantsi. Mama tana jirana da maganar riguna, kuma ta ce kada in kuskura in zo mata da gajeriyar amsa.